Yadda Ake Kallon Fitowar Jemagu da Almuru

Fitowar jemagu daga makwancinsu abu ne na ɗan lokaci. Idan garken ƙarami ne, na jemagu ɗari ko ɗari biyu, da wuya abin ya wuce rabin awa, kuma rabinsa cikin duhun da ido ya fara gazawa ake yin sa. Yawancin masu zuwa kallo su dawo suna cewa ba su ga komai ba, ba rashin jemagun ne ya hana su gani ba. Ko dai sun makara, ko sun tsaya inda bango ko duhuwar itatuwa ke bayan jemagun, ko kuwa sun haska fitila jemagun suka noƙe. Duk ukun nan tun rana na sama ake maganinsu.

Nau'in jemage a duniya ya haura 1,400, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukkan nau'o'in dabbobi masu shayarwa. Amma mai kallo ya raba su gida biyu ya ishe shi. Akwai ƙanana masu cin ƙwari, waɗanda ke kwana a tsagar bango, ƙarƙashin rufi, kogon itace, kogon dutse da ƙasan gada. Akwai kuma manya masu cin 'ya'yan itace, waɗanda da yawansu ke rataye a rassan manyan itatuwa a fili, kowa na ganinsu. Na biyun ba su da wahalar samu, don hayaniyarsu kaɗai za ta kai ka. Aikin yana wajen na farkon.

Gano ƙofar da suke fita

Sanin cewa akwai jemagu a wani gini ko wani dutse bai isa ba, sai ka san ainihin kafar da suke bi. Ƙaramin jemage na iya kutsawa ta tsagar da faɗinta bai kai santimita 2 ba, kuma gini ɗaya na iya samun irin wannan tsaga goma. In ka zuba ido a wadda ba ita ba, za su gama ficewa ta bayanka.

Ka zagaya wurin da rana kana duba ƙasa da jikin bango. Kashin jemage mai cin ƙwari baƙi ne, ɗan siriri kamar ƙwayar shinkafa, yana taruwa daidai ƙarƙashin ƙofar, wani kuma ya manne a bango ko a gilashin taga. Yana kama da kashin ɓera, amma akwai gwaji mai sauƙi: ka sa shi cikin takarda ka murza. Na jemage nan take yake zama gari, har ka ga ɓurɓushin fukafukan ƙwari na ƙyalli a ciki. Na ɓera kuwa tauri gare shi, ba ya rugurgujewa. Sannan ka ɗaga kai sama da inda kashin ya taru. Bakin kafar da ake yawan bi yakan yi duhu da santsi saboda maiƙon gashinsu, kuma ba za ka ga yanar gizo-gizo a kanta ba.

Idan babu wata alama amma kana ganin jemagu na shawagi a yankin, sai ka bi sawu. Da almuru ka lura da ɓangaren da suke fitowa, ka yi tafiya kana fuskantarsu, kullum ka ƙara matsawa kaɗan. Hanya mafi sauri ita ce ta asuba. Kamar awa ɗaya kafin fitowar rana jemagu ke komawa gida, kuma nau'o'i da yawa ba sa faɗawa ciki kai tsaye, sai sun yi ta kewaya ƙofar, su taɓa bangon su saki, na tsawon mintuna. Ga shi kuma a lokacin haske ƙaruwa yake yi maimakon raguwa. Asuba ɗaya takan nuna maka abin da almuru uku ba su nuna ba.

Kada ka leƙa cikin kafar, kada ka zura hannu ko sanda ko fitila. A wasu ƙasashe ma laifi ne. A Birtaniya, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana damun jemagu ko toshe makwancinsu. In kuma wurin na wani ne, ka nemi izini tukuna.

Lokaci

Agogon jemage faɗuwar rana ne. Ka duba ainihin mintin da rana za ta faɗi a ranar, duk manhajar hasashen yanayi na nuna shi, sannan ka kasance a zaune a wurinka minti 30 kafin nan. Wannan rabin awar ba ɓata lokaci ba ce. A cikinta za ka gyara matsayinka tun ana gani, motsin zuwanka ya lafa, idonka kuma ya riƙa sabawa da raguwar haske a hankali.

Kowane nau'i da lokacinsa, kuma akwai dalili. Ƙwari sun fi yawa a iska daidai almuru, don haka wanda ya fito da wuri ya fi samun abinci. Amma a lokacin shaho bai kwanta ba. Jemagu masu dogayen fukafukai da gudun tsiya, waɗanda ke farauta can sama a sarari, su ne ke yin kasadar fitowa da faɗuwar rana ko ma kafin ta faɗi. Matsakaita sukan jira kamar minti 20. Masu tashi a hankali, masu tsintar ƙwari a jikin ganye ko a saman ruwa, sai duhu ya yi sosai, minti 40 zuwa awa guda. Saboda haka kada ka tattara kayanka don an yi minti 20 shiru. Ka ba wurin aƙalla awa ɗaya da rabi bayan faɗuwar rana a karon farko.

Tsawon almurun kansa ya danganta da inda kake a doron ƙasa. Kusa da tsakiyar duniya duhu saurin rufewa yake, minti 20 zuwa 25 bayan rana ta faɗi hasken ya kusa ƙarewa. A ƙasashen da ke can arewa ko can kudu, a lokacin zafinsu, hasken kan ja sosai. Wanda ke inda duhu ke saurin sauka ba shi da damar gyara kuskure, in ya tsaya a mugun wuri to sai gobe.

Yanayi ma na juya lissafin. Ranar da hadari ya rufe sama sukan fito da wuri kaɗan don duhu ya riga lokacinsa. Ruwan sama mai ƙarfi da iska mai kaɗa rassa na hana su fita ko su jinkirta. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin salshiyos, ƙwari ba sa tashi, masu cin su ma sai su yi zamansu. Dare mai ɗumi, marar iska, marar ruwa shi ne abin nema. A ƙasashe masu hunturu mai tsanani kuwa, jemagu barcin watanni suke yi ko su yi ƙaura, zuwa kallo a lokacin wahala ce kawai. Masu cin 'ya'yan itace su ma suna bin nunar 'ya'yan ne, itacen da ya cika maƙil da su a wannan wata na iya zama wayam bayan wata biyu.

Inda za ka tsaya

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Jemage baƙi ne ko ruwan ƙasa, ba ya ɗauke da wani haske. Ba a ganinsa sai in akwai abu mai haske a bayansa, kuma da almuru abu ɗaya ne ya rage mai haske, wato sama, musamman ta yamma inda rana ta faɗi. Don haka ka nemi wurin da in ka kalli ƙofar, sararin sama ne zai kasance a bayanta ko dab da gefenta. In zai yiwu ka kasance ta gabas da makwancin kana fuskantar yamma. Ta haka kowane jemage zai fito maka baƙi ƙirin a kan jan sama, har ka ga yankan fukafukansa.

In gini ne, kada ka tsaya kana fuskantar bangon kai tsaye, don jemage a kan bango mai duhu ɓacewa yake. Ka koma kusurwar ginin ka kalli bangon ta gefe, yadda duk wanda ya faɗo daga tsagar zai gifta sararin sama. Ka zauna ko ka tsuguna. Iya ƙasan da ka yi, iya yawan saman da ke shiga bayan abin da kake kallo. A bakin ruwa akwai ƙarin dabara: saman ruwan na riƙe hasken sama kamar madubi, sai ka sunkuya ka kalli shimfiɗarsa, za ka ga masu shafar ruwa suna kai da kawowa.

Ka bar tazarar aƙalla mita 10 tsakaninka da ƙofar, kuma ka kauce wa hanyar da suke bi. Jemagu da yawa sai sun saki jiki sun faɗo ƙasa mita ɗaya ko biyu kafin iska ta ɗauke su, mutum a tsaye a gaban ƙofa cikas ne gare su. Zancen cewa jemage na shiga gashin mutum ba shi da tushe, dabbar da ke cafke sauro a duhu ba za ta kasa ganin kan mutum ba. In ya yi ta wucewa kusa da kai, ƙwarin da suka taru a kanka yake bi. Amma hula tana da amfani, don sukan sauke kashi da fitsari da zarar sun fito. Saboda wannan dalili, in kana ƙarƙashin babban garke kana kallon sama, ka rufe bakinka.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: tufafi masu duhu da dogon hannu, takalmi rufaffe, maganin sauro na shafawa, abin zama, agogo, takarda da fensir, da ƙaramar tocila mai jan haske don hanyar komawa. In babu mai jan haske, ka rufe bakin ta yau da kullum da jar leda. Madubin hangen nesa mai lamba 7x50 ko 8x42 na da amfani ga manyan jemagu da garken da ya yi nisa a sama, amma ga ƙaramin jemage da ke kusa bai da wani amfani, kafin ka saita shi ya wuce.

Haske shi ne babban abin da ke ɓata kallo, kuma ta fuska biyu yake ɓatawa. Idon mutum na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, leƙa fuskar waya sau ɗaya na iya mayar da kai baya. Su kuma jemagun, in aka haske ƙofarsu sai su ɗauka gari bai yi duhu ba, su jinkirta. Jinkirin nan ba ƙaramin abu ba ne ga uwa mai shayarwa, domin lokacin da ƙwari suka fi yawa ne ke wuce ta. Makwancin da ake yawan haskawa, wata rana sai a tarar sun bar shi ɗungurungum. Haka nan tafi, jifa, buga bango don su fito, ko tayar da jirgi marar matuƙi a tsakiyarsu, duk ba kallo ba ne, kora ce.

Abin da zai faru a gabanka

Kafin kowa ya fito za ka fara jin 'yar tsuwa da ƙus-ƙus daga cikin kafar. Hirarsu ce ta junansu, kunne na iya jin ta, kuma alama ce cewa sun taru a bakin ƙofa. Daga nan sai ɗaya ya faɗo, a yi shiru, sai biyu, sai uku. Ka rubuta mintin da na farko ya fito. Bayan 'yan mintuna sai abin ya ɓarke, suna fitowa rukuni-rukuni da ɗan tsaiko a tsakani, sannan ya riƙa raguwa. A manyan kogwannin dutse kuwa, sukan yi ta juyawa a bakin kogon kamar guguwa suna hawa sama, sannan su miƙe a jere kamar hayaƙi mai tafiya. Ka riƙa duba gefen jerin, nan shaho da mujiya ke kai farmaki. A Afirka da kudu maso gabashin Asiya akwai ma wani shaho da almuru kaɗai yake farauta, jemagu ne babban abincinsa, a sama yake cafke su ya haɗiye ba tare da ya sauka ba.

Sabon mai kallo kan rikita jemage da tsattsewa, don a lokaci guda ɗaya ke tashi aiki ɗaya ke shiga. Tsattsewa takan buga fukafukai sannan ta miƙe su ta yi sulu. Ƙaramin jemage bugawa yake babu hutu, yana karkacewa ba zato, ya faɗo ya tashi. Yautai kuwa ya fi su girma, da doguwar jela.

Na'urar jin kukansu

Masu cin ƙwari da amsa-kuwwa suke gane hanya: su yi ƙara, su saurari yadda ta dawo. Masana biyu a Amurka, Donald Griffin da Robert Galambos, su ne suka tabbatar da haka wajen 1940. Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaifinsa ya wuce kilohaz 20, yawancin kukan nan kuwa sama da haka yake, wasu har ya haura 100. Akwai 'yar na'ura ta hannu da ke sauko da shi zuwa inda kunne zai ji. Mai sauƙin cikinsu tana da maɓallin murzawa kamar na rediyo. Ka fara saita ta a kilohaz 40 zuwa 45, in ka ji ƙas-ƙas sai ka murza sama da ƙasa har sautin ya fi kauri, lambar da ka tsaya a kai ita ce ta wannan jemagen. A Turai, alal misali, akwai ƙananan nau'i biyu da ido ba ya bambanta su a sama, amma ɗaya a 45 yake kuka ɗaya a 55. In ƙas-ƙas ɗin ya yi sauri har ya haɗe ya zama "zzzt", to ya kai wa ƙwaro cafka ke nan, a daidai lokacin yakan yi kuka har kusan sau 200 a daƙiƙa ɗaya.

Gyare da wasu fara ma na shiga na'urar, haka ƙarar makullai a aljihu da gogar tufafin leda. Nasu sautin a wuri ɗaya yake tsaye, na jemage kuwa zuwa yake ya wuce. Kuma kada ka sayi na'urar don manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, yawancinsu da ido da hanci suke aiki, ba abin da za ka ji.

Ƙidaya

In garken bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya. Mutum ɗaya ga kowace ƙofa, idonsa a kan ƙofar kaɗai, ba ya bin wanda ya riga ya fita da kallo. Ɗan abin ƙirga da ake dannawa da yatsa ya fi rubutu, don ba sai ka sunkuyar da kai ba. Duk wanda ya koma ciki a cire shi daga lissafi, in ba haka ba za a ƙirga shi sau biyu. A dakata idan, bayan sun fara fita, an yi minti 10 babu wanda ya ƙara fitowa, ko duhu ya hana gani, ko masu dawowa sun fara cakuɗa da masu fita.

In dubbai ne, sai kiyasi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan yana buƙatar taimako. Ka zaɓi wata alama tsayayya, kamar turken waya ko kan itace, ka ƙirga masu gifta ta cikin minti ɗaya, goma-goma ko hamsin-hamsin, ka maimaita duk bayan minti 5. Ka ɗauki matsakaicin, ka ninka da yawan mintunan da fitar ta ɗauka. Misali, in matsakaicin 300 ne a minti kuma an yi minti 25 ana fita, ka samu wajen 7,500. Ɗaukar bidiyo a kan abin kafa kyamara, sannan a rage masa gudu a gida, ya fi wannan daidai nesa ba kusa ba. Ga mai son hoto, ya kashe filasha, ya saita nesa da hannu tun da haske, ya sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri.

Abu ɗaya da ke rikita masu kwatanta ƙidaya: yawancin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara, kuma ƙananan nau'o'i cikin sati uku zuwa shida 'ya'yan ke fara tashi. Adadin da ya yi tsalle cikin wata guda ba baƙi ne suka zo ba, yara ne suka shiga sahu. In kana son sanin ko garke na ƙaruwa daga shekara zuwa shekara, ka riƙa ƙirgawa a mako iri ɗaya, kafin 'ya'ya su fara tashi, kana rubuta kwanan wata, lokacin faɗuwar rana, zafi, iska da hadari.

Wuraren da suka yi suna

Kogon Bracken da ke jihar Teksas a Amurka na tara jemagu sama da miliyan 15 a lokacin zafi, har na'urar hango hadari na nuna fitarsu. A birnin Austin na jihar, gyaran da aka yi wa gadar Congress Avenue a 1980 ya bar tsagogi a ƙasanta, yanzu kimanin miliyan ɗaya da rabi ke fitowa daga nan a ƙarshen lokacin zafi. A kogon Carlsbad na jihar New Mexico an hana kunna waya da kyamara gaba ɗaya lokacin kallo. A gandun dajin Kasanka na Zambiya, miliyoyin manyan jemagu masu launin kara ke taruwa a wani ɗan kurmi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. A gandun Gunung Mulu na Malesiya kuma, jemagun Kogon Barewa kan fito a jere suna murɗewa kamar igiya, amma ranar da aka yi ruwa sukan ƙi fita.

Lafiyarka da tasu

Kallo daga waje ba shi da haɗari. Haɗarin na cikin taɓawa da shiga. Kada ka shiga kogon da jemagu ke kwana. Busasshen kashinsu da ya daɗe na iya ɗauke da wani naman gwari wanda shaƙar ƙurarsa ke kama huhu. A Afirka, wani nau'in mai cin 'ya'yan itace da ke kwana a kogo na ɗauke da ƙwayar cutar Marburg mai haddasa zazzaɓi da zubar jini, a 2008 wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta mutu bayan ta shiga irin wannan kogo a dajin Maramagambo na Yuganda. Su ma muna iya kai musu cuta a takalmi da tufafi: ciwon farin hanci, wata cutar naman gwari ta jemagu da aka fara gani a jihar New York a 2006 ya kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka.

Jemagen da ka gani a ƙasa, ko a fili da rana tsaka alhali ba mai kwana a reshe ba ne, to ba lafiya ba, ko kuma ɗa ne da ya faɗo. Kada ka ɗauke shi da hannu, ka kuma janye yara da karnuka da kyanwa. In dole sai an kawar da shi, ka sa safar hannu mai kauri, ka kifa masa kwali, ka zura wani kwalin ta ƙasa, sannan ka kira jami'an kula da namun daji ko likitan dabbobi. Kaɗan ne daga cikin jemagu ke ɗauke da ciwon haukan kare, amma wanda ya bari aka kama shi ya fi zama abin zargi, kuma haƙoransu ƙanana ne har cizon kan ƙi barin tabo. In ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ka tafi asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da ba ka ga jini ba.